Wane karatu Baba yake nufi?

Daga akwatin saƙo. Mai saƙon ya nemi a ɓoye sunansa da na garinsu.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah ka ɓoye sunana, duk da na san 'yan garinmu da ke cikin nan suna karanta layi biyu za su gane ni, to su gane, na gaji. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon bayani, ni ba mai ilimi ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba, ban iya taƙaita magana ba. Na haura hamsin, manomi ne ni a wani gari cikin ƙasar Daura, da rani kuma ina ɗaukar yashi da taki da amalanken shanu. Abin da ke gabana shi ne, ranar Asabar mai zuwa Dagacinmu zai zaunar da mu a kan wani fili da mahaifinmu ya bayar kafin ya rasu, kuma an ce bakina ne zai raba gardama. In na faɗi kaza, fili ya zauna a hannun masu laburare. In na faɗi kaza, ya dawo gado mu raba. Ni kuwa wallahi ban san wanne ne gaskiya ba.

Ga yadda abin ya faro. Can baya, an fi shekara goma, garinmu yana da ɗan laburare na ƙaramar hukuma, ɗaki ɗaya ne a jikin tsohon asibitin sha-ka-tafi, in hadari ya taso sai a tara littattafai a kan tebur a rufe da leda. Sai 'yan ƙungiyar cigaban gari, wato 'ya'yan garin nan da ke aiki a Katsina da Kano da Abuja, waɗanda ba ma ganinsu sai da Sallah, suka zo da labari cewa an yi musu alkawari a sakatariya, in gari ya ba da fili ya ta da bango, hukuma za ta yi rufi, ta zuba littattafai, ta turo ma'aikata. Suka zagaya gari suka ga ba filin da ya yi musu sai 'yar gonar Babanmu ta bakin hanya, inda yake shuka gyaɗa da kuɓewa. Washegarin Sallar layya suka zo gida suka same shi a zaure. Lokacin ya tsufa, kunne ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji. A wurin akwai ni, da tsohon Limaminmu, da wani ƙanin Baba, da shugaban ƙungiyar, tsohon hedimasta ne, kowa Ciyaman yake ce masa. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, ba ya nan, ya tafi cirani Kudu.

Ciyaman ya fara bayani ya ce laburare za a gina. Baba ya ce me? Ya maimaita. Baba ya ce lambu? Ai wurin ba ruwa. Aka yi dariya. Sai Liman ya matsa kusa da kunnensa ya ce, ɗakin karatu suke nufi Malam. Baba ya ce af, to ku ce haka mana, kun tsaya kuna tauna harshe. Ya tambaya, karatu za a riƙa yi a ciki? Ciyaman ya ce karatu Baba, yara da manya, maza da mata, kowa ya zo kyauta. Baba yana shafa gemu ya ce, dama garin nan ba mu da inda za a zauna a ɗauki karatu in damina ta sauka, na bayar, Allah ya kai ladan kabarin iyayena. Aka shafa fatiha. Ciyaman ya ce a kawo takarda ya dangwala hannu, Baba ya ce shi abin da ya ba Allah ba ya buƙatar tawada, ya bayar ya bayar. Ba a rubuta komai ba.

To jama'a, duk Bahaushe ya san in an ce ɗaukar karatu, gaban malami ake nufi, ka buɗe littafin addini malam ya biya maka ka maimaita. Ba wanda yake cewa zan je laburare in ɗauki karatu. Amma a ranar ba wanda ya tsaya a kan wannan kalma, ni ma ban tsaya ba, hankalina yana kan naman da ake soyawa a cikin gida.

Akwai abu na biyu kuma, wannan ni kaɗai na gani. Bayan an fara haƙa harsashi, wasu mutane suka aiko da gudummawar littattafai cikin kwalaye, ba inda za a ajiye sai zaurenmu. Baba ya sa na buɗe kwali ɗaya, ya zaro wani babban littafi na Turanci mai hotunan shanu, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya dube ni ya ce, kai, wannan ma karatun ne? Na ce haka suka ce Baba. Ya yi 'yar dariya ya ce, to Allah ya kyauta, ya mayar da shi cikin kwali. Shi ke nan. Ku da kuka san Hausa ku gaya mini, wannan Allah ya kyauta ɗin yarda ce ko takaici ne? Baba yana faɗinta in an ba shi labarin ɓarna, yana faɗinta kuma in jikansa ya yi abin ban dariya. Bai ce a kwashe kwalayen ba, bai ce a tsayar da aiki ba, bai kuma ce ya ji daɗi ba. Kafin kaka ya kwanta ciwo, ya rasu bango bai kai gwiwa ba, Allah ya jiƙansa. Liman ya bi shi, ƙaninsa ma ya bi shi. Cikin waɗanda suka ji maganar saura ni da Ciyaman, shi kuma Ciyaman an ce ba zai yi wa kansa shaida ba.

Mu dai talakawan gari mun yi namu. Aka kira gayya, mata suka ɗebo ruwa, samari suka buga bulo, masu hatsi suka ba da gero aka sayar aka sayi siminti da rodi. Ni da shanuna muka yi ta jigilar yashi daga ƙorama duk ranin nan ban karɓi komai ba, har sai da karkiya ta ci wuyan sa ɗaya ya yi gyambo. Muka kai gini linta, babban ɗaki ɗaya da ƙanana biyu, muka ce to hukuma ga naki. Sai aka ce mana wanda ya yi alkawarin ya sauka daga kujera, wanda ya hau kuma ya ce shi bai tarar da wannan magana a fayil ba. Aka yi ta zirga-zirga, yau a ce a dawo bayan kasafin kuɗi, gobe a ce oga ya tafi Katsina mitin.

Da aka gaji sai ƙungiya ta ce a yi lancin, wato taron neman gudummawa. Aka kafa rumfuna a gaban ginin, aka yi hayar kujeru daga Daura, aka dafa shinkafa, maroƙa na ta kirari. Manya suka zo da manyan riguna, kowa ya karɓi lasifika, wannan ya ce ya ɗauki nauyin kwano gaba ɗaya, wannan ya ce katako nasa ne, wancan ya ce tagogi da ƙofofi kar wanda ya taɓa, wani ma ya ce zai sa sola ya zuba kwamfutoci. Mata na guɗa. Ni har ƙwalla na yi, don wauta, ina cewa da ma Baba ya ga wannan rana. Abin da aka tara a faranti a ranar, hayar rumfa da shinkafa suka cinye. Kwanon kuwa har yau yana cikin lasifika. In ka je gidan mai alkawarin a ce ya yi tafiya, alhali ga motarsa a ƙofar gida ana wankewa.

Amma kowane zaɓe sai an tuna da mu. Yanzu haka a jikin bangon nan akwai duwatsun aza harsashi guda biyu gefe da gefe, kowanne da sunan wani babba, sun aza harsashin ginin da ya riga ya fi su tsawo. Allon sunan laburaren da aka kafa a bakin hanya kuwa ya sha fenti, launinsa yana bin launin jam'iyyar da ke sama. Shi babban ɗakin ya zama kango, tumfafiya ta fito a tsakiyarsa ta fi ni tsawo, awaki na kwana ciki, 'yan shaye-shaye na fakewa, wasu ma kusurwar gabas suka mayar wurin bahaya. Gabas fa jama'a. A filin da tsoho ya ce a kai lada kabarin iyayensa. Duk ranar da na wuce da amalanke kawar da kaina nake yi. Littattafan da suka zauna a zaurenmu kuwa gara ta yi karatun rabinsu.

Abu ɗaya ne ya hana wurin mutuwa, kuma ba ƙungiya ba ce ba hukuma ba ce. Akwai wata baiwar Allah da muke kira Malama, ita ce ma'aikaciyar tsohon laburaren, ta yi ritaya ba a turo madadinta ba, ɗakin ma aka karɓe aka mayar da shi sito. Ita ce ta bi mata gida gida, suka haɗa ɗan abin da suke samu a ƙuli-ƙuli da ƙosai da kiwon kaji, suka sayi tsohon kwanon da aka cire daga rumfar tasha, kafinta ya rufa musu ƙaramin ɗaki ɗaya. Ta jera bulo ta ɗora katako ta shirya littattafan da gara ta rage. Da safe 'yan sakandare masu shirin jarrabawa suna zama, da yamma matan aure suna koyon karatu da rubutu, wani lokacin ta kawo mai koya musu sabulu da man shafawa. Ba mai biyanta, ɗakin kuma in an cika sai wasu su zauna a waje jikin bango. Matata tana cikin masu zuwa. Ni ban hana ta ba, ban kuma ɗauki abin da wani muhimmanci ba, na ɗauka wurin hira suka samu. Sai ga shi yanzu ita take duba katin asibiti ta gaya mini ranar komawa, ita take sa sunayen mutane a wayarta. Rannan na ga tukunyarta da ake yawan ara a gidajen biki, wadda kullum sai an yi rigima kafin ta dawo, ta rubuta sunanta da fenti a jiki, harafi wani ya hau wani ya gangara, amma ana karantawa. Na daɗe ina kallon tukunyar nan.

To ana haka sai aka zuba kwalta a hanyar da ta bi ta gaban filin. Wurin da da ba mai kallo ya zama ido. Sai ga 'yan ƙungiya sun farfaɗo, mutanen da in ka kira su a kan kwano ba sa ɗagawa, suka zo da sabon tsari. Wai tunda hukuma ta ƙi, masu alkawari sun ƙi, za a yanka gaban filin a ba 'yan kasuwa su gina layin shaguna, abin da ke shigowa na haya a yi rufi da shi, a riƙa ba Malama ɗan wani abu. A baki tsarin yana da daɗi. Amma ana ta cewa a gari shagon farko na surukin Ciyaman ne, na biyu na ƙanin ma'ajin ƙungiya, ni dai ban gani ba, ji na yi, kuma bayan lancin ɗin nan ba abin da zan ji in yi musu.

Nan ne Yayana ya tashi. Kar ku ɗauka mugu ne, ba mugu ba ne, shi ya saya mini sa na farko da kuɗin ciraninsa, shi ya tsaya a kan aurena. Yanzu ƙarfi ya ƙare, ƙafa ta ƙi, gonar da muka gada da aka raba tsakaninmu da 'yan'uwanmu mata kowa ɗan tsito ya samu, ga 'ya'yansa maza sun girma a cikin gida ba inda za su kafa ɗaki. Duk shekarun nan maganar filin tana ci masa rai, bai taɓa fitarwa ba don an ce sadakar Baba ce. Da ya ji maganar shaguna sai ya ce a'a, in dai shago ne mu ma mun iya karɓar haya. Ya zo gidana ya sa ni gaba, ya ce in faɗa masa abin da Baba ya faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na faɗa masa tsakani da Allah. Yana jin ɗaukar karatu ya buga cinya, ya ce shi ke nan, an yaudari tsoho kurma, shi makarantar addini ya ba wa fili, 'yan boko suka lulluɓe shi da Hausa suka karɓe. Ya ce kyautar da aka karɓa da ruɗu ba kyauta ba ce, kuma ko kyautar ce, ina karatun? Tumfafiya ce ke karatun ko awaki? Na ce ai ga ɗakin Malama. Ya ce wannan akurkin? Ya ce a bar musu shi wata biyu su nemi wani wuri. Na kawo masa maganar kwalin littattafai, ya ce Allah ya kyauta ai baƙin ciki ne, shi ya fi ni sanin Baba. Na ce Yaya ba ka nan fa. Ya ce ko ba na nan na riga ka zama ɗansa.

Ya kai ƙara wurin Dagaci. A zaman farko aka yi ta musayar magana, Ciyaman ya ce karatu karatu ne, Allah bai ce a nemi ilimi iri ɗaya ba, Yaya ya ce masa to Malam hedimasta a wane aji ake koyar da hayar shago. Ciyaman ya ce mu gidanmu kwalta ce ta buɗe mana ido, Yaya ya ce ku kuma ita ta tashe ku daga barci. Har sai da Dagaci ya tsawatar. Ya ce shi ba ya son magana ta kai kotu, gari ɗaya ne, a dakatar da shaguna, a ba shi lokaci. Sannan ya juyo kaina ya ce, kai ne ka rage, kuma ba abin da kunnenka ya ji kaɗai nake so ba, wannan kowa ya ji shi yanzu. Kai ɗansa ne, kai kake zaune da shi, ka je ka yi tunani ka zo ka gaya mini abin da ka fahimta yana nufi, a kansa zan yanke, kuma duka ɓangarorin sun yarda da haka. Jama'a ni aka tambaya ko na yarda? Ba wanda ya tambaye ni.

Tun daga ranar ban huta ba. Abin dariya ma, kafin mako ya zagayo sai ga Ciyaman ya sa an sare tumfafiya, an share kashin awaki, an shimfiɗa tabarma a cikin kango, ya samo wani malami yana karanta hadisi bayan la'asar ranar Alhamis, don a ce ana ɗaukar karatu. Shekara da shekaru ba a share ba sai yanzu. Yaya yana kiransa karatun gadin fili. Sannan Ciyaman ya zo gidana da kansa, mutumin da tun jigilar yashi bai taka ƙofata ba, ya ce Malam wane kai mutum ne mai hangen nesa, abin da za ka ce kawai Baba ya san laburare ne, ya ambata da bakinsa. Na ce ranka ya daɗe lambu ya ce. Ya ce to ai kusan ɗaya ne, tarihi ba zai manta da kai ba, za ma mu sa wa babban ɗakin sunan Baba. Na ce ɗakin da ba rufi? Ya yi dariyar yaƙe ya tafi. Da ya fita Yaya ya aiko a kira ni, ya ce shi bai ce in yi ƙarya ba, in faɗi ɗaukar karatu in ja bakina in yi shiru, maganar kwali ba sai na sake tayar da ita ba. Ya ce in na ba da filin ubanmu ga mutanen da suka mayar da shi masai, to in sani na zaɓa, kuma ranar da ya mutu kar in zo in tsaya a sahun gaba ina share ido. 'Yan'uwanmu mata ma sun rabu, babbar tana bayan Yaya, ƙaramar ta ce ita ba ta cin abin da Baba ya ba Allah ko yunwa za ta kashe ta.

Matata ba ta roƙe ni ba, da ma ta roƙa da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta me ta gani, ta ce Malam maganar gidanku ce, ni bare ce a ciki. Na ce na dai tambaye ki. Ta ce to ita abin da ta sani, in aka rufe ɗakin nan ba wani wuri, Malama ta tsufa ba za ta sake bin gidaje neman kwano ba, matan kuma mazansu sun bar su ne don wurin yana cikin gari kowa na gani. Ta ce akwai wadda ta fara haɗa baƙi ke nan, in aka tsaya yanzu ya zube. Ta ɗauki buta ta ba ni wuri. Ita Malama ko sau ɗaya ba ta zo wurina ba, mun haɗu a hanya ta gaishe ni ta tambayi shanu, ta wuce. Wannan ya fi zuwan Ciyaman nauyi a kaina.

Kuma bari in faɗa muku gaskiya don kar wani ya ce na ɓoye, ni ma ina so. In fili ya dawo gado ina da rabo, kuma rabon bakin kwalta ba wasa ba ne. Sa ɗaya ya mutu mini bara, da na aro nake haɗawa in yi aiki, gwiwoyina sun fara ƙara. Shi ya sa ma nake tsoron kaina. In zuciyata ta ce mini Baba makarantar addini yake nufi, sai in ce anya ba kwalta ce ke magana ba? In ta ce mini ya san laburare ne kuma ya yarda, sai in ce anya ba don matata ba ne? Na rasa wace murya ce tawa. Baba mutum ne da bai taɓa shiga aji ba, duniyarsa gona da masallaci, in ya ce karatu na fi zaton allo da littafin malam yake gani a ransa. Amma kuma shi ne ya ji an ce maza da mata kowa ya zo, bai ce uffan ba, shi ne ya riƙe littafin Turanci a hannunsa, kuma Baba ba ya jin nauyin kowa, da abin ya ɓata masa rai da a ranar kwalayen nan sun kwana a waje. Ko kuwa ya ga ya riga ya shafa fatiha ne ya haɗiye? Shi ma halinsa ne, ba ya mayar da magana.

Na je wurin wani malami a Daura da ba ya cikin rigimar, na kwashe duka na gaya masa. Ya ce in faɗi abin da na ji da abin da na gani, kar in ƙara kar in rage, abin da ke zuciyar mamaci Allah kaɗai ya sani. Na ce Malam ai an wuce nan, fahimtata ake tambaya. Ya ce to ka ce ba ka sani ba. Na dawo na shaida wa Dagaci haka a gefe, ya ce in ka ce ba ka sani ba hannuna ya fita, sai kotu, kuma in magana ta je kotu dole in sa kwaɗo a wurin har a gama, kar a yi rikici. Kun san shari'ar fili, wanda ya shigar ba lallai ya ga ƙarshenta ba. Wato in na ce ban sani ba, ɗakin Malama ya rufu, Yaya bai samu ba, ni ban samu ba, lauyoyi su ci, kuma a can ma ni za a sake kira, wannan karon da Alƙur'ani a hannu.

Abin da ya fi ci mini rai, waɗanda suka jawo wannan duka ba wanda zai zauna a gaban Dagaci ranar Asabar. Wanda ya yi alkawarin rufi ya tafi, masu lasifika suna gidajensu, masu duwatsu biyu suna jiran wani zaɓen. Da an rufa ginin nan tun lokacin da muka kai linta, da yara na ciki suna karatu, wallahi Yaya ba zai buɗe baki ba, ba wanda zai tono wata kalma da tsoho ya faɗa yana shafa gemu. Sun bar shi ya ruɓe, yanzu an ɗauko mai amalanke an ce shi zai fassara Hausar mamaci.

Don Allah masu ilimin addini da masu sanin shari'a da ke cikin nan, da dattawa, ku taimake ni. Kar ku ce mini ilimi haske ne, na sani, na ɗauki yashinsa a wuyan shanuna. Kar kuma ku ce zumunci ya fi komai ku wuce, shi ma na sani. Tambayata ita ce, mutum ya ba da abu don Allah da kalmar da take da fuska biyu, ya mutu bai fayyace ba, wace fuska ake bi? Ya halatta in faɗi abin da na fi zato alhali ina da amfani a ciki? In na tsaya wa ɗakin matan nan na bar fili a hannun mutanen da ban yarda da su ba, na rasa ɗan'uwana, na yi daidai? In na bi Yaya aka rufe ɗakin, wa zai ɗauki alhakin matan? Akwai wata hanya da ban gani ba, wadda Dagaci zai iya karɓa?

Ranar Asabar za a ce mini, to Malam, me Baba yake nufi? Ku ba ni amsar da zan faɗa a gaban Dagaci, wadda zan iya maimaita ta a gaban Baba ranar da muka haɗu. Na gode, Allah ya rufa mana asiri.